Mashin zan saya ko mul zan fara yi?

Wani mai ƙera murhun gawayi daga Zango nan Damagaram ya rubuto: "Malam, kullum da guduma nake huda ramukan murhu ɗaya bayan ɗaya, kafaɗa ta gaji. Na ɗan tara kuɗi, in je Kano in sayo mashin mai kuran ko yaya?"

Ɗan uwa sannu da aiki. Ni dai shawarata kar ka yi gaggawar mashin, fara da mul tukuna. Mashin dannawa kawai yake, mul ɗin shi ke yanka, wato namiji da mace, namijin ya sauko ya shige ramin macen ya fitar da tol ɗin, wato fallen ƙarfen, da ke tsakani. In mul ya lalace ko mashin na miliyan nawa ne aikin banza zai ba ka.

Kuma ka yi lissafi kafin ka fidda ko dala. Ƙarfin dannawar da ake buƙata shi ne kewayen rami sau kaurin tol, duka a milimita, sau kamar kilo 35, in baƙin ƙarfe ne na yau da kullum. Rami mai faɗin milimita 10 kewayensa 31 ne, a tol mai milimita 1 ka ga tan ɗaya da ɗan kai ke nan, ramuka 10 a bugu ɗaya tan 11. To kirik na ɗaga mota mai tan 20 in mai sudur ya yi masa firam mai ƙwari ya ishe ka, ba ruwanka da jiran kuran, sai dai ba ya da sauri, wannan kam gaskiya ne. Ran da oda ta fi ƙarfinsa sai a yi maganar Kano.

Inda nake so ka tsaya a kan mai tur, wato wanda zai sassaƙa maka mul ɗin, shi ne ratar da ke tsakanin namiji da mace. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na kaurin tol a kowane gefe, wato a tol mai milimita 1, namiji milimita 10, mace 10,1 zuwa 10,2. In ratar ta yi yawa za ka ga bakin ramin ya yi kaifi ya lanƙwaso ta ƙasa, ka shafa da yatsa ya yanke ka, in ta matse kuma namijin ya riƙa maƙalewa har ya karye. Ka tafi da guntun tol ɗinka a gwada a gabanka kafin ka biya. Don Allah kuma kar yaron shago ya sa hannu ƙarƙashi, a ba shi awartaki, yatsa ba ya tsirowa.

Wani kuma ya tambaya ko ƙarfen sifirin mota zai yi mul. Zai yi, in an gasa shi ya yi ja an tsoma a mai, sannan a sake ɗumama shi kaɗan don kar ya fashe. Amma mai huda dubbai kullum gara ya nemi ƙarfen D2, wani ƙarfe mai tauri da ake yin mul da shi, ya fi tsada amma yana daɗewa bai dakushe ba.