Goffin da King: mata da mijin da suka rubuta wa wasu waƙa

Malam, ka tambaya ko akwai ma'auratan da suka bar tarihi a waƙoƙin pop na Amurka ba tare da sun hau dandamali tare ba. Akwai, kuma a wurina Gerry Goffin da Carole King ne kan gaba.

Sun yi aure a 1959. Carole ke zama gaban piyano ta haɗa kari, Gerry ya sa baitoci. Da farko ma da rana aikin haɗa sinadarai yake yi, sai dare su zauna rubutu, ga jaririya a gida. Kamfanin Aldon Music na birnin New York ke kai waƙoƙin ga mawaƙa. A farkon 1961 "Will You Love Me Tomorrow" da The Shirelles suka rera ta hau lamba ta ɗaya, karo na farko da ƙungiyar 'yan mata baƙaƙen fata ta kai nan a Billboard Hot 100, jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Abin da ke taɓa ni shi ne namiji ne ya rubuta fargabar budurwa, har mata suka ji tamkar daga bakinsu ta fito.

Mai renon 'yarsu, Little Eva, ita ta rera "The Loco-Motion" a 1962. Cikin sauran waƙoƙin ma'auratan, ƙungiyar The Beatles ta Birtaniya ta sake rera "Chains", Aretha Franklin kuma ta samu "Natural Woman" a 1967.

Auren ya mutu a ƙarshen shekarun 1960. Carole ta fito da kundinta Tapestry a 1971, ta sake rera wasu waƙoƙin nasu da muryarta. An karrama su tare a Rock and Roll Hall of Fame, cibiyar karrama gwanayen waƙa, a 1990. Gerry ya rasu a 2014.