Hajiya, fara da karatun lissafin kuɗin kamfani

Hajiya kin ce shekara ashirin kina aiki a banki nan Maradi, kina son kujera a kwamitin gudanarwa na kamfani amma in an zauna taro maza sai su danne maganarki. To ni dai a ganina ba ɗaga murya za ki yi ba, kwarjini a wurin nan daga sanin takardu yake zuwa. A dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da Nijar da wasu ƙasashen Afirka ke bi, kwamitin kamfanin hannun jari mutum 3 ne zuwa 12, kujerun kaɗan ne, kuma masu hannun jari ke zaɓe, don haka sai sun san ki tun kafin ranar. Ki riƙa karanta bilan ɗin, wato takardar lissafin dukiya da bashin kamfani, kafin taro, ki fito da tambaya ɗaya mai nauyi kan bashi ko riba, ki faɗe ta da wuri ba tare da "ku yi haƙuri zan ɗan ce" ba, wallahi wannan neman afuwar ita ke kashe mana mata, in wani Alhaji ya katse ki ki ce Alhaji ban gama ba, cikin ladabi, ki ci gaba abinki.

Dokar kaso ta 2019 ta ba mata kashi 30 cikin ɗari a naɗe-naɗen gwamnati, amma ba ta shafi 'yan kasuwa ba, kar ki jira ta. Fara da kwamitin asusu ko wata ƙungiya, ai Mata Masu Dubara, ƙungiyoyin asusun mata, ma a jihar nan aka fara a 1991. Sannan ki sami babba ɗaya cikin masu jarin da zai ambaci sunanki in ba kya wurin.