Amsa: Me ake kallo a bangon tsofaffin mujallun zane na jarumai?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa mutane suke ɗaukaka waɗannan tsofaffin bangwaye alhali launinsu kaɗan ne kuma zanensu bai kai na yau kyau ba. A ganina, sai ka fara tuna aikin da aka yi su dominsa. A Amurka ta wancan lokaci, mujalla tana jere ne cikin wasu da dama a rumfar mai jarida, kuma bangon ne kaɗai zai sa yaro ya tsaya ya fitar da santi 10 daga aljihunsa.

Ka dubi fitowar farko ta mujallar Action Comics ta shekarar 1938, wadda Joe Shuster ya zana bangonta. Superman ya ɗaga koriyar mota sama yana fyaɗa ta da dutse, amma abin da ya fi burge ni shi ne mutumin da ke kusurwar ƙasa ta hagu, ya dafe kansa da hannu biyu yana gudu a firgice. Tsoron wannan mutumin ne yake sa ka yarda da ƙarfin jarumin, ba tare da an yi maka wani bayani ba.

Batun launi kuwa, injinan buga mujallun suna aiki ne da tawada huɗu, don haka masu zane suka riƙa ba jarumai ja da shuɗi da rawaya, waɗanda ido ke hangowa daga nesa, suka kuma yawaita kore da shunayya ga mugaye irin su Joker, abokin gaban jarumi Batman. Idan ka sake buɗe wani tsohon bango, ka lura da inda idonka ya fara sauka da inda zanen ya ja shi daga nan.