Shin Olu Jacobs a Nollywood ya fara wasa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko dattijon nan mai fitowa a sarki, Olu Jacobs, a Nollywood ya fara. Ina! Kafin a san wani abu wai shi Nollywood ya riga ya yi nisa.

An haife shi a 1942, kuma a Kano ya tashi. A nan ne ya kalli wasan dandamali na fitaccen ɗan wasan Yarabawa Hubert Ogunde, sha'awar sana'ar ta shige shi. Daga baya ya tafi Ingila, ya yi karatu a makarantar koyon wasan kwaikwayo ta RADA da ke Landan, ya taka dandamali, ya fito a shirye-shiryen talabijin irin su The Professionals. Ba kasafai ake ba shi jarumta ba. Rawar gefe yake takawa, kamar jami'in kwastam a fim ɗin The Dogs of War na 1980, amma idan ya buɗe baki da muryar nan tasa mai kauri, sai ka manta da jarumin.

Da ya dawo gida, shirin The Third Eye na NTA ya shigar da shi gidajen mutane. A ganina horon dandamali ne ya bambanta shi da sauran masu fitowa a sarki. Matarsa Joke Silva ma 'yar wasa ce.