Ga 'yar'uwarmu ta Santorini, na san wannan rashin barcin

Sannu 'yar'uwa, sannu. Kin ce tun ƙarshen Janairun 2025 ƙasa ba ta huta ba a tsibirinku na Santorini da ke Girka, yara ba sa barci, kina tambaya ko ƙananan girgizar nan share fagen babba ne, ko Kolumbo, dutsen nan na ƙasan teku kusa da ku, ne zai yi aman wuta. Wallahi ina karantawa jikina ya yi sanyi, don mu ma haka muka sha a Mayotte, tsibirinmu da ke Tekun Indiya.

Tamu ta fara 10 ga Mayu 2018, ana shirin azumi. Ranar 15 ga wata bayan magariba mai maki 5.9 ta zo. Ina kicin kwanuka suka zubo, bango na ƙara kamar ana yaga sabon zane. Na suri ƙaramar, babban kuwa ya shige ƙarƙashin gado ya ƙi fitowa, ina jan ƙafarsa ina salati, maigida bai dawo daga masallaci ba. A tabarma a waje muka yi sahur na farko, yaron ya koma fitsarin kwance har bayan sallah.

Mai gidan hayarmu kuwa, Allah ya isa. Bangon ɗakin yara ya tsage har yatsa na shiga, ya zo ya shafa siminti da fenti ya ce tsoro ne irin na baƙi. Da muka tashi ya riƙe kuɗin ajiyarmu, wai mu muka ɓata masa gida. Mu muka girgiza ƙasar? Ki ɗauki hoton kowane bango yau ɗin nan, ki tura wa mai gidanku a rubuce.

Shekara guda muna cikin duhu, sai Mayun 2019 jirgin bincike Marion Dufresne ya gano sabon dutse mai aman wuta a ƙasan teku, tsayinsa kusan mita 800, wanda aka sa wa suna Fani Maoré. Ashe narkakken dutse ne ke tasowa daga zurfin wajen kilomita 30 yana fasa hanya, duk inda ya fasa mu ji girgiza. Shi ya sa ba ta yi babba ɗaya ta wuce ba. Tsibirin kansa ya nutse da fiye da santimita 10, ya matsa gabas, har ruwa ke shiga hanyoyin bakin teku idan ya cika.

Amma kada ki auna naku da namu. Dutsenmu na nesa da gaɓarmu da kilomita 50, gindinsa a zurfin mita 3,500 na ruwa. Kolumbo wajen kilomita 7 ne daga gaɓarku, kuma a 1650 ya halaka mutane. Idan da hali ki kai yaran Athens su yi barci, aiki ba ya ƙarewa. Idan zama ya zama dole, ki nisanci gefen tsaunin nan naku na bakin teku da tashoshin ruwa na ƙasansa, fasfo da takardun zama da magani a jaka ɗaya bakin ƙofa, takalma kusa da gado saboda fasasshen gilashi. In mai ƙarfi ta same ki a bakin teku, ki hau tudu nan take. Saƙon hukuma na lambar gaggawa 112 za ki bi, ki rabu da muryoyin WhatsApp, su suka kusa haukata ni. Kuma don Allah kada ki yi wa yaran faɗa idan sun jiƙa shimfiɗa.