Tauraro mai wutsiya, ganinka ba alheri ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Don Allah kakata ce duk sanda wani kawuna ya shigo gida sai ta ce "tauraro mai wutsiya, ganinka ba alheri ba", shin wai da gaske akwai tauraro mai wutsiya ko zancen tsofaffi ne kawai? Daga wata ɗaliba, Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Akwai shi mana, sai dai shi ɗin ba tauraro ba ne ma in za a bi ta gaskiya, curin ƙanƙara ne da ƙura da duwatsu yana ta kewaya rana abinsa, in ya matso kusa da ita zafi ya buge shi sai ƙanƙarar ta koma tururi ta kwaso ƙura ta yi baya, to ita ce wutsiyar da ake gani. Kuma kullum rana take juya wa baya, shi ya sa in yana komawa wutsiyar ce a gaba, kin ji ikon Allah. Larabawa ma wutsiya suka gani suka ce muzannab, su kuwa Girkawa gashi suka gani, sunan da suka ba shi ma'anarsa mai dogon gashi, can Turawa suka samo nasu komet ɗin.

Maganar rashin alheri kuwa ba mu kaɗai ba ne. Sauran taurari an san lokacinsu, kaza da 'ya'yanta ma an san sanda take fitowa, shi kuwa wannan sai dai a wayi gari a gan shi ba sallama, to duk abin da ya biyo baya, yaƙi ko fari ko annoba, sai a ɗora masa. A 1066 wani irinsa ya bayyana a Ingila, shekarar aka kashe sarkinsu Harold a fagen fama. Sai a 1705 wani masani Edmond Halley ya yi lissafi ya ce ai a cikin taurari masu wutsiya akwai guda ɗaya da yake ta dawowa wajen duk shekara 76, zai komo a 1758, ya kuwa komo, shi Halley ɗin ma ya riga ya mutu tun 1742. An gan shi 1910 da 1986, sai kuma 2061 in da rai. Abin da ake iya lissafa ranar zuwansa ni dai ban ga laifinsa ba wallahi.

Shi kuwa kawun naki, ki ɗan sa ido ki gani, ko duk zuwan da zai yi sai Hajiya ta kwance bakin zaninta.