Hukuncin rage bakin kaza idan ya yi tsawo har ya hana ta cin abinci

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Ina kiwon 'yan kaji a cikin gida, kuma tun faɗuwar damina na killace su a akurki mai daɓen siminti saboda shukar maƙwabta. Ɗaya daga cikinsu bakinta na sama ya yi tsawo ya lanƙwashe kamar na shaho. Idan na watsa tsaba sai ta yi ta sara amma ba ta iya ɗauka, har ta rame ta daina ƙwai. Na so in rage mata, sai wata 'yar'uwa ta ce haramun ne, domin canza halittar Allah ne. Mene ne hukuncin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Malama, Allah Ya saka miki da alheri a kan tausayin wannan halitta, da kuma tsayawa da kika yi kika tambaya kafin ki aikata.

Rage abin da ya zarce na bakin kaza domin ta iya cin abinci halal ne. Idan ma har ta kai ga halin da kika bayyana, to kawar mata da wannan cuta ya zama wajibi a kanki, ko da hannunki ko ta hannun wanda ya iya, domin ciyar da dabba haƙƙi ne a wuyan mai ita, kuma zuba tsaba a gaban kazar da ba ta iya ɗauka bai sauke wannan haƙƙi ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci daga ƙwarin ƙasa ba. Duk wanda ya killace dabba ya ɗauki nauyin abin da da ta samar wa kanta in tana sake.

'Yar'uwar da ta hana ki tana nufin aya ta 119 a Suratun Nisa'i, inda Shaiɗan ya sha alwashin zai umarci mutane su riƙa tsage kunnuwan dabbobi, su kuma canza halittar Allah. Tsoron da ta ji abin yabo ne, sai dai ayar ba ta hau kan wannan mas'ala ba. Malaman tafsiri sun bayyana cewa tsage kunnen da ake nufi shi ne wanda mushirikai suke yi wa raƙuma don keɓe su ga gumaka. Halittar da Allah Ya yi wa kaza kuwa ita ce baki madaidaici, na sama ya ɗan ɗara na ƙasa kaɗan, wanda take tsince ƙwayar gero da shi ɗaya bayan ɗaya. Tsawon da kika gani shi ne ya fita daga asali, kuma wanda ya rage shi ya mayar da halitta ne yadda take, kamar mai yanke farce ko mai gyara wa akuya kofato.

Ko a inda ake taɓa naman dabba kai tsaye, shari'a tana duba maslaha. Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa babu laifi a fiɗiye tumaki da awaki saboda gyaran namansu, an kuma ƙi yi wa dabba lalas a fuska, amma babu laifi a wani wurin daban. Idan an halatta wannan don amfanin mai dabba, to abin da ake yi don amfanin dabbar kanta ya fi cancantar halatta.

Sai dai halaccin yana da iyaka, kuma iyakar tana cikin yadda aka gina bakin. Ɓawon da ke waje irin sinadarin farce ne, yana tofowa muddin kaza tana raye. A ƙarƙashinsa akwai ƙashi da nama mai jini da jijiyoyin ji, domin da baki kaza take taɓa abu ta gane shi. Kazar da ke yawo tana zaizaye ɓawon da tono da saran ƙasa, da kuma gogar nan da take yi dama da hagu bayan ta ci, wadda Bahaushe ya ɗauka butulci ne har ya ce kaza ci ki goge bakinki, alhali tsabtace bakin take yi tana kuma wasa shi. Kazar da aka tsare tana cin dusa mai laushi a kwano tana iya rasa wannan. Abin da ya halatta a rage shi ne mataccen ɓawon da ya zarce. Shiga cikin nama da gangan kuwa azabtarwa ce, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a hadisin Shaddad ɗan Aus da Muslim ya ruwaito: Allah Ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu. Bukhari ya kuma ruwaito cewa Ibnu Umar ya wuce wasu samari sun kafa kaza suna harbinta, ya ce Annabi ya la'anci mai yin haka. Ƙanƙantar kaza da arhar kuɗinta ba su fitar da ita daga wannan kariya ba.

Saboda haka ki naɗe ta a zane ko tawul don fukafukanta su natsu, wani ya riƙe miki kan da sauƙi ba tare da matse wuya ko toshe hanci ba, kuma ki yi aikin da rana a wuri mai haske. Idan kika duba bakin ta gefe za ki ga ƙarshen da ya zarce ya fi sauran haske da sirantaka, wannan shi ne wurin aikinki. Zarton farce ya fi aminci, ki riƙa gogawa kaɗan-kaɗan, ki kula da harshenta. Idan tsawon ya yi yawa, ki ɗan tsinke ƙarshen da abin yanke farce mai kaifi da tsabta, sannan ki daidaita da zarto. Kada a sa wuƙa ko almakashin da zai tsaga bakin, kada kuma a sa ƙarfen wuta. Gara a rage kaɗan yau a ƙara bayan mako ɗaya ko biyu da a zurfafa a zama guda. In aka yi kuskure jini ya fito, babu zunubi a kan wanda bai yi ganganci ba; a danna ɗan garin sitaci ko fulawa a wurin har ya tsaya, a ware ta daga sauran, domin kaji suna saran duk inda suka ga jini. Bayan nan ki ajiye musu dutse mai kaushi ko guntun bulo, ki kuma ba su ɗan fili mai ƙasa su yi tono.

Kada a haɗa wannan da datse bakin 'yan tsaki da ake yi a gidajen gona da ƙarfe mai zafi don hana su saran juna. Wancan yana shiga nama mai rai, kuma ba ya halatta sai ga buƙata tabbatacciya, bayan an gwada rage cunkoso da gyara abinci, a kuma tsaya a gwargwadon buƙatar. Mai 'yan kaji a tsakar gida da wuya ya kai ga wannan larura.

Idan bakin ya karkace na sama da na ƙasa sun saɓa, ko ya tsage, ko yana komawa da sauri bayan an rage, to a kai ta wurin likitan dabbobi, domin wani lokaci rauni ne ko ciwon hanta ke haddasa shi. Kafin nan ki zuba mata jiƙaƙƙen abinci a kwano mai zurfi yadda za ta iya ɗiba. In kuma an yi duk wannan ba ta iya ci ba, ya halatta a yanka ta da wuƙa mai kaifi a ci namanta matuƙar ba ta da cutar da za ta cutar da mai ci, kuma yin hakan ya fi a bar ta ta mutu da yunwa.

Allah ne Mafi sani.